Daga Silimar Palace Zuwa Asibitin Haihuwa: Tarihin Wani Wuri A Jakara

  

Laccar yau a kan wuri guda take, wanda ke unguwar Jakara a tsakiyar birnin Kano, dab da Kasuwar Kurmi. Matan da ke zuwa awo can a yau sun san shi da Asibitin Haihuwa na Sabo Bakin Zuwo. Dattawan da suka haura shekara sittin kuwa, da an ce musu Palace sun san inda aka dosa. Wurin ya shekara 31 yana gidan silima, daga 1952 zuwa 1983, ya kuma haura shekara 40 yanzu yana wurin jinya. A cikin tarihinsa akwai wata tambaya da Kano ta daɗe tana fama da ita: ina samari za su taru bayan sallar isha'i, kuma wa zai sa ido a kan wurin?

Lokacin da silima ke bayan ganuwa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya kawo kaya, ya kwashi gyaɗa, ya kuma sauke baƙi: akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu, 'yan kasuwa Kwarori daga Labanon da Siriya. Turawan mulki suka ware wa 'yan Kudu Sabon Gari, can bayan ganuwa, inda shari'ar alƙalin birni ba ta kai ba. A can giya ta samu gindin zama, a can gidajen rawa suka buɗe, a cikin waɗannan gidajen rawa kuma aka fara haska finafinan kasuwa kafin a gina musu wuri na kansu.

A 1937 aka buɗe Rex, gidan silima na farko da aka gina don wannan sana'a a Kano. Fili ne mai katanga, babu rufi, sai allo a gaba da kujeru a jere. Tun daga ranar, mutanen birni suka ajiye silima a rukunin abubuwan Sabon Gari, tare da mashaya da gidan rawa da matan da ke zaman kansu. Ɗan mutunci da ya je kallo, sai ya yi fatan kada ya haɗu da wanda ya san mahaifinsa.

Amma ba hoto mai motsi ne mutanen birni suka ƙi ba, domin sun riga sun saba da majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa dandali ko ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake tsabtace gida, yadda ake rigakafi, yadda ake noman zamani, wani kuma yana fassara da Hausa. Kyauta ne, hakimi da dagaci na zaune, yara da manya na kallo. Fim ɗin Baban Larai ta wannan hanya ya zagaye Arewa. Bambancin majigi da silima a idon jama'a shi ne, majigi a fili yake a gaban shugabanni, silima kuwa kuɗi ake biya a shiga bayan katanga cikin duhu, kuma mai ita baƙo ne mai neman riba.

Gobarar El Duniya

Ranar 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a silimar El Duniya ana tsakiyar kallo. Mutum kusan 600 ne a ciki, 331 daga cikinsu suka rasu. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya gano cewa wutar ta fara ne daga ɗakin na'ura. Zaren fim na wancan zamani da wani sinadari mai saurin kamawa ake yin sa, in kuma ya kama ba ya jin ruwa. 'Yan kallo suka ruga neman mafita, suka cushe a ƙofa.

Wannan shi ne bayanin hukuma. A zauruka da rumfunan kasuwa kuwa, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah a kan masu zuwa wurin ɓarna. Jita-jita ta bazu cewa fim ɗin da ake nunawa ya taɓa martabar addini, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata. Gidaje da dama a Kano sun yi zaman makoki a wannan mako, kuma duk wanda yake son fahimtar irin tarbar da aka yi wa Palace, to ya fara daga nan.

Silima ta shigo cikin birni

Tun a 1949 wani ɗan kasuwa Kwara ya nemi izinin gina silima a Jakara. Lissafinsa a fili yake. Masu kuɗin shiga suna cikin birni, Kurmi kuwa ita ce zuciyar cinikin Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Duk yamma, 'yan dako da yaran shago da masu sana'ar hannu suna tashi daga kasuwa da 'yan kuɗi a aljihu. Me zai sa su taka har Sabon Gari, alhali ana iya kawo musu allon ƙofar gida?

Malamai da dattawan unguwa suka ƙi. Hujjarsu ita ce, abin da ake jurewa a bayan ganuwa ba a yarda da shi a cikinta, inda masallatai da makarantun allo da gidajen aure suke manne da juna. Duk da haka izini ya fita a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi gini, aka buɗe Palace a watan Yulin 1952, wata goma sha huɗu kacal bayan gobarar El Duniya.

Waɗanda suka sha kaye a gaban hukuma ba su haƙura ba. Da yake Palace ma ba ta da rufi, samari suka riƙa tsayawa a waje suna jefa duwatsu ta saman katanga a kan 'yan kallo. Abin ya yi yawa har sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Ya kamata a lura da wani abu a nan: masu jifa samarin birni ne, waɗanda ake jifa su ma samarin birni ne. Rigimar Palace tun farkonta ta cikin gida ce, tsakanin 'ya'yan unguwa ɗaya da suka saɓa a kan abin da ya dace da garinsu.

Daren silima

Jifa ya lafa, kallo ya ci gaba. Da almuru ƙofar silima ta zama wata ƙaramar kasuwa: mai tsire da mai shayi, mai rake da mai gyaɗa, mai gadin kekuna, ga manyan hotunan fim ɗin ranar an manna a bango yara sun yi cincirindo suna kallo. A ciki, masu ƙaramin tikiti su zauna gaba kusa da allo, masu hali su zauna baya. Ba a fara haskawa sai duhu ya yi sosai, da damina kuwa hadari na iya tashin kowa ana tsakiyar labari.

Da farko finafinan Amurka da Ingila ne suka fi yawa, na kaboyi da na yaƙi. Daga shekarun 1950 Kwarori masu rarraba fim suka fara kawo na Indiya saboda arha, sai ga shi sun dace da zuciyar Bahaushe fiye da yadda kowa ya zata. Ba a fassara su ba, ba a kuma buƙata ba. Ɗan kallo ya ga mace da mayafi, ya ga namiji da rawani da doguwar riga, ya ga ɗa yana durƙusa wa mahaifiya, ya ga auren dole da rikicin talaka da mai kuɗi, ya ga soyayyar da ake yi da ido da waƙa. Mother India, wanda ya fito a 1957, an yi shekaru ana maimaita shi a silimun Kano, mutane suna komawa suna kallo har suka haddace maganganunsa. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Daga baya finafinan Sin suka shigo da Bruce Lee, yara suka riƙa gwada dukan karate a lunguna.

Abin da aka kalla a wannan allo bai tsaya a cikin katanga ba. Masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai. Marubutan littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980 da silima suka tashi. Fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, daga nan ya gaji rawa da waƙarsa. Sana'ar da ke ciyar da dubban mutane a Kano yau, a kan bencin irin su Palace aka fara koyon ta.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, wanda ba daidai ba ne a ɓoye shi. Silima ba ta taɓa zama wurin iyali ba. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci. Da yake mutanen kirki sun janye jiki, sai wurin ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Shan wiwi da ƙwaya, faɗan 'yan daba, yankan aljihu da lalata suka yi sansani a ƙofar silima da lungunan da ke kewaye. Maƙwabta su ne suka sha wahalar: hayaniya har tsakar dare, da fargabar abin da 'ya'yansu za su koya. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fitar da gidajen silima daga hannun baƙi, amma ba ta canza halin da ake ciki a bakin ƙofa ba.

Wata uku na Sabo Bakin Zuwo

Ranar 1 ga Oktoba, 1983, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na jam'iyyar PRP ya hau kujerar gwamnan Jihar Kano. Ɗan cikin birni ne, tsohon ɗan jam'iyyar NEPU, almajirin Malam Aminu Kano a siyasa, kuma yana saurayi aka buɗe Palace. Ya san ƙorafin mutanen Jakara ba tare da an rubuto masa ba. Cikin ayyukan da ya yi akwai rufe silimar da mayar da ita wurin shan magani. Jama'a sun yi murna da matakin.

Mulkinsa bai wuce wata uku ba, domin ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu. Ya rasu a 1989. Amma wannan aiki guda ya tsaya, gwamnatocin soja da na farar hula suka zo suka wuce ba wanda ya mayar da allo, har wurin ya zama asibitin haihuwa mai ɗauke da sunansa.

Dalilin ɗorewar aikin shi ne ya biya wata buƙata ta gaske. Tsakiyar birni cike take da jama'a, lungunanta ƙunci gare su, mota ba ta shiga da yawa daga cikinsu. Matar da naƙuda ta kama cikin dare a Jakara ko Bakin Zuwo ko Koki, kusancin asibiti na iya zama abin da zai raba ta da ajali, da izinin Allah. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da mata suka fi rasa rai wajen haihuwa a duniya. Don haka duk wanda ya auna gadon haihuwa da kujerar kallo a wannan unguwa, ya san wanda ya fi nauyi. Sabo Bakin Zuwo ya yi daidai.

Tambayar da ba a amsa ba ita ce, samarin da ke cika wurin kowane dare, ina suka nufa?

Makomar sauran silimu

A 1983 Palace ce aka rufe da umarni. Sauran, irin su Plaza, Orion, Queens, Eldorado, Wapa da Marhaba, sun ci gaba da aiki, sai dai zamani ya riga ya juya musu baya. Talabijin ta shiga gidaje, gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa yana nuna wasannin kwaikwayo na Hausa da finafinan Indiya kyauta. Na'urar bidiyo ta biyo baya, shagunan hayar kaset suka buɗe a unguwanni. Matar da aka hana zuwa silima shekara da shekaru, sai ga fim ya same ta har ɗaka. Daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, sayo sabon fim daga waje ya gagari masu silima, suka koma maimaita tsofaffi masu yankewa ana tsakiyar kallo.

Bidiyon Hausa ya ɗan farfaɗo da su a shekarun 1990, domin furodusoshi kan fara nuna sabon fim a silima kafin su saki kaset. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai da dokokin da suka haɗa da hana cuɗanyar maza da mata a wurin kallo. Daga nan faifan CD, tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka ƙarasa abin da ya rage. Babban fili a tsakiyar gari ya fi kawo kuɗi in an yanka shi shaguna, masu shi kuwa 'yan kasuwa ne.

Wapa ta isa misali. Yau in mutum ya ce zai je Wapa a Fagge, kowa ya san canjin dala ko riyal ko sefa zai yi. Da yawa daga matasan da ke ƙirga kuɗi a can ba su san sunan silima suke kira ba. Haka abin yake a Legas, inda Pen Cinema ta Agege ta tafi ta bar sunanta a kan mahaɗar hanya da gadar sama. A Akara ta Gana, wasu tsofaffin silimu coci-coci suka koma. Idan aka jera su duka, Palace ce ta fi dacewa da kyakkyawar makoma, domin ita ce ta ci gaba da zama wurin jama'a, ba ta koma dukiyar mutum ɗaya ba.

Inda 'yan kallo suka koma

Sha'awar taruwa a yi kallo ba ta mutu da mutuwar silima ba. Ta watsu ne cikin unguwanni. Gidajen kallon ƙwallo suka tsiro a ko'ina, rumfar kwano da benci da janareta da talabijin biyu ko uku, samari cike maƙil ana musun Arsenal da Chelsea. Mafi yawansu ƙofa ɗaya gare su, wayoyin lantarki a rataye, galan ɗin fetur a gefe. Garin da ya binne mutum 331 a dalilin gobarar gidan kallo bai kamata ya ga wannan ya kau da kai ba.

Sauran 'yan kallon kuma suna cikin wayoyinsu. A zamanin Palace, uba na iya tsayawa a bakin ƙofa ya ga abin da aka manna a bango, ya san abin da ɗansa zai kalla. Yau yaro na kwance a ɗakinsa, abin da ke shigo masa ta YouTube da TikTok ba mai tace shi. Dattawan 1952 sun ji tsoron katanga da duhu, ga shi kuwa an wayi gari kowane yaro na da nasa duhun a tafin hannu.

Silimar zamani ta dawo Kano bayan buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014, da sanyin na'ura da kujeru masu laushi, har iyalai suka riƙa zuwa. Wannan ya nuna cewa ana iya yin gidan kallo mai tsabta wanda magidanci zai shiga da matarsa ba kunya. Amma kuɗin tikitinta da nisanta ba na ɗan dakon Kurmi ba ne, wanda dominsa aka gina Palace tun farko.

Abin da ya rage a yi

Tarihin wannan wuri ya nuna cewa ɓarnar da aka yi kuka da ita ba daga allo ta fito ba. Ta fito ne daga barin wurin taron matasa ba mai kula: hukuma ta karɓi haraji ta tafi, mai gida ya karɓi kuɗin tikiti ya tafi, mutanen kirki suka ƙaurace. Rufewa ta kawar da ɓarnar daga Jakara, amma ba ta samar wa matasan wani wuri ba, shi ya sa matsalar ta koma wasu unguwanni da wata kama.

Saboda haka akwai kira guda uku. Na farko ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin cikin birni: duk lokacin da za a yanka fili ko a rushe tsohon gini, a ware wa matasa zauren taro mai haske da ƙofofin fita isassu, inda za a yi kallon ƙwallo, wasan kwaikwayo, muhawara da musabaƙa, a kuma sa masu unguwanni da malamai cikin masu kula da shi. A bi gidajen kallon da ke akwai a duba ƙofofinsu da wayoyinsu kafin wani abu ya faru.

Na biyu ga masu hannu da shuni, musamman 'yan kasuwar Kurmi da Kantin Kwari da Wapa: asibitin Jakara na matan unguwanninku ne. Gado, magani, jini da hasken lantarki abubuwa ne da sadakar mutum ɗaya ke iya samarwa, ba sai an jira gwamnati ba.

Na uku ga ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da sauran makarantu. Masu haska fim, masu sayar da tikiti da 'yan kallon da suka zauna a Palace sun tsufa, kullum kuma raguwa suke yi. A je a same su a ɗauki muryarsu, a nemi tsofaffin hotuna da tikiti a kai Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a adana. A kuma roƙi hukumar asibitin ta manna ɗan allo a bango mai ɗauke da shekarun nan biyu, 1952 da 1983, domin yaran da aka haifa a wurin su san abin da ya gabace su.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a gobarar El Duniya, ya jiƙan Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya sauki matanmu lafiya, ya shirya mana zuriya.